Filin Lafiya: Amsoshin Tambayoyinku kan Na'urori da Kayan Taimako Bayan Raunin Laka

Wasiƙun wannan fitowar sun taru a kan abu guda. Mutum ya samu rauni a laka, jijiyar nan da ke bi ta cikin ƙashin baya, an sallame shi daga asibiti, dangi kuma suna neman abin da za su saya ya taimake shi. Masu amsawa ma'aikatan kine ne, wato masu motsa gaɓoɓin majinyata, da masu haɗa kayan naƙasassu. Duk abin da muka faɗa a nan, a gwada shi tare da ma'aikacin lafiyar da ya ga majinyacin ido da ido.

Assalamu alaikum. Ƙanena ya faɗa ramin zinari wata takwas da suka wuce. Takardar likita ta ce raunin yana T10, wato wajen tsakiyar ƙashin baya, ƙafafunsa ba sa motsi, ba ya jin taɓi daga cibiya zuwa ƙasa. An turo mana bidiyo a WhatsApp na wani Bature da aka ɗaura wa ƙarfe mai inji yana tafiya, da wani da aka dasa wa na'ura a baya. Ƴan'uwanmu na Abijan sun ce a sayar da gona su cika. A ina ake samun abin?
*Wani magidanci, Tawa*

Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Malam, kada a sayar da gonar.

Ƙarfen da kuka gani gaskiya ne. Ana ɗaura shi daga ƙugu zuwa tafin ƙafa, da ƙananan injuna a ƙugu da gwiwa, batir ne ke tafiyar da su. Ɗaya daga cikinsu, ReWalk, ya samu izinin hukumar magunguna ta Amurka a 2014 don amfani a gida, kuɗinsa a lokacin ya kusa dalar Amurka 70,000, wato miliyoyin sefa masu yawa. Nauyinsa ya haura kilo 20. Mai sa shi sai yana da hannuwa masu ƙarfi don riƙe sanduna biyu, sai nauyinsa bai wuce kilo 100 ba, sai an auna ƙarfin ƙashinsa, kuma sai da mai rakiya wanda aka horar. Daɓe sumul yake so, ba ya cin yashi. In ya lalace a Tawa, babu mai gyara shi kusa. Kuma da zarar an kwance shi, ƙafafun suna nan yadda suke, domin injin ne ke taka su.

Na biyun aikin bincike ne. A birnin Lozan na ƙasar Suwizalan, mai bincike Grégoire Courtine da likitar fiɗa Jocelyne Bloch suna dasa wani ɗan faifai a kan rufin laka, ƙasa da wurin raunin, yana aika wuta kaɗan-kaɗan zuwa jijiyoyin ƙafa. Sun fitar da sakamako a 2018 da 2022, a 2023 kuma suka nuna wani ɗan ƙasar Holan da aka ƙara wa na'ura a kai mai karanta niyyar motsi daga ƙwaƙwalwa. Mutane ƴan ƙalilan ne aka yi wa, kowanne da watanni na horo a hannun ƙwararru. Wanda ya ce muku zai kai ku inda ake sayar da wannan, ko ya ce akwai allurar ƙwayoyin halitta da ke haɗa laka a wata ƙasa, kuɗinku yake so. Har yau babu allurar da aka tabbatar tana yin haka.

Ku tambayi likitansa harafin da aka ba raunin, A ne ko B, C ko D. Ana gane shi ta duba ko akwai sauran ji ko motsi a bakin dubura. Yawancin sauƙin da jiki ke samu da kansa yana zuwa ne a wata shidan farko, sannan ya yi ta raguwa zuwa shekara ɗaya ko ɗaya da rabi. Amma ko da A ne, wato mafi tsanani, mai rauni a T10 yana da cikakkun hannuwa da kafaɗu. In an koya masa, zai hau keke ya sauka da kansa, ya fitar da fitsarinsa, ya yi wanka, ya zauna a shago. Kuɗin da ƴan'uwa za su aiko ya tafi a kan matashin zama mai kyau, keke daidai jikinsa, robar fitsari, katifa, gyaran ƙofa da makewayi, saura a yi masa jari.

In yana son miƙewa tsaye, mai walda zai haɗa masa abin tsayawa da bututun ƙarfe: wurin da ke riƙe diddige, matokari mai soso a gaban gwiwoyi, ɗamara mai faɗi a bayan ɗuwawu, da ɗan tebur a gaba daidai gwiwar hannu. A fara da minti biyar, a ƙara a hankali har rabin awa. Jiri ko ganin duhu alama ce jini ya sauka ƙafafu, a zaunar da shi nan take. Kine ya fara duba shi kafin a soma, saboda ƙashin ƙafar da ba ta taka ƙasa yana saurin yin rauni, musamman kusa da gwiwa, kuma yana iya karyewa mutum bai ji ba.

Mai gidana ya yi hatsarin babur, ƙafafunsa sun mutu. An ba mu keken guragu kyauta, irin mai shimfiɗar leda da ake naɗewa. Wata biyu da fara zama, sai ga wani baƙin tabo a ɗuwawunsa, yanzu ya fara ɗayewa. Maƙwabta sun ce mu sayi zoben robar nan da ake hurawa. Yaya zan yi?
*Wata matar aure, Madawa*

Baiwar Allah, sannu da ɗawainiya, Allah ya saka miki. Tambayarki ita ce mafi nauyi a duk wasiƙun nan, don gyambon zama da na kwanciya suna cikin abubuwan da suka fi kashe masu raunin laka.

Abu na farko, daga yau ya daina zama a kan wurin har ya warke sarai. Ya kwanta rub-da-ciki ko a gefe, kuma ma'aikacin lafiya ya ga mikin. Zoben roba kada ki saya. Yana matse fatar da ke kewaye da ramin, ya hana jini isa tsakiya, mikin ya ƙara zurfi. Kada a murza wurin, kada a gasa da ruwan zafi ko tsumma mai zafi, tunda ba ya ji zai ƙone.

Ga yadda abin ke faruwa. Mai lafiya yana muskutawa ba tare da ya sani ba da zarar wuri ya gaji. Mai gidanki saƙon gajiyar ba ya isa gare shi, sai nauyin jikinsa ya danne naman da ke tsakanin ƙashin zama da kujera, jini ya tsaya, naman ya mutu daga ciki kafin a ga komai a waje. Shimfiɗar leda tana lotsawa a tsakiya, ta karkatar da ƙugu, ta tara zufa. An yi irin wannan keken ne don tura majinyaci daga ɗaki zuwa ɗaki a asibiti. Tun 1944 likita Ludwig Guttmann ya nuna a asibitin Stoke Mandeville na Ingila cewa juya majinyaci duk awa biyu, dare da rana, tare da fitar da fitsari cikin tsabta, yana raya mutanen da a da ake fid da rai da su. Ƙa'idar tana nan har gobe.

Matashin da yake bukata kaurinsa ya kai santimita 10. A ƙasa soso mai tauri, a fafe masa ɗan kwari daidai inda ƙasusuwan zama biyu ke sauka, gaban kuma ya fi tudu don cinyoyi su ɗauki nauyi. A sama soso mai laushi. Ƙarƙashin duka a sa katako mai faɗi a kan ledar don ta daina lotsawa. Rigar matashin ta zama sakakka mai miƙewa, in ta ɗame tamau ta kashe amfanin soson. Gwajinsa a hannunki yake: ki sa tafin hannunki a sama, ki zura yatsu ƙarƙashin ƙashin zamansa yana zaune sosai. In kan yatsunki na iya motsi sama da ƙasa, lafiya. In ba sa motsi amma suna zarewa cikin sauƙi, a ƙara kwarin ko a sake duba matashin. In sun matse gam, akwai hatsari. A zafin ƙasarmu soso yana mutuwa da wuri, ki maimaita gwajin kowane wata, yawanci kafin shekara sai an canja.

Akwai matashi mai ƙwayoyin iska, irin su ROHO, yana raba nauyi fiye da soso. Sai dai ƙaya ɗaya ta aduwa ta ishe shi, kuma in ya sace mutum na zaune a kan katako bai sani ba. Mai shi ya riƙa duba iskar kowace safiya, a bar tazarar kamar santimita biyu tsakanin ƙashi da gindin matashin, a ajiye famfo da kayan faci da matashin soso na ko-ta-kwana. Cika shi da iska har ya yi tauri kuskure ne da ake yawan yi, mutum nutsewa ya kamata ya yi a cikinsa.

Komai kyan matashi, sai ya riƙa ɗage nauyi. Duk minti 15 zuwa 30 ya sunkuya gaba ƙirjinsa ya kusa cinyoyi, ko ya karkata gefe ɗaya sannan ɗayan, ya daɗe kusan minti biyu. Ɗagawa da hannu ta ƴan daƙiƙu ba ta isa jini ya dawo, kuma tana cin kafaɗa. Ki saita masa ƙararrawar salula. Safe da yamma a duba ɗuwawu, ƙashin gindin baya, gefen ƙugu, diddige da idon sawu, da madubi ko da hoton salula, hoton ma ya fi domin za ki kwatanta na yau da na jiya. A baƙar fata ba a cika ganin ja ba. Ki nemi wurin da ya fi sauran duhu, ko ya yi ɗumi, ko tauri, ko sheƙi, wanda bai koma daidai ba bayan rabin awa da ɗage nauyi.

A gado, kwanciyar gefe ta zama a ɗan karkace da matashi a baya, kada ya hau kan ƙashin ƙugu kai tsaye. Matashi tsakanin gwiwoyi, wani ƙarƙashin ƙwauri don diddige su rataya. Ki kakkaɓe zanin gado, ƙwayar gero ko ɗan tsakuwa ya isa ya fara miki.

Keken kuwa, auna shi ake yi kamar yadda tela ke auna riga. Faɗin kujera daidai faɗin ƙugunsa, kada ya matse kada ya yi yawo. Tsakanin bakin kujera da bayan gwiwa a bar yatsu biyu zuwa uku. Matakin ƙafa a saita shi har cinya ta kwanta a kan matashi, kuma ya tashi daga ƙasa da aƙalla santimita biyar. Don yashi, mai ƙafa uku da doguwar gaba da tayoyi masu faɗi ya fi, ƙananan tayoyin gaba na irin naku nutsewa suke yi. Sashen haɗa kayan naƙasassu na Babban Asibitin Ƙasa da ke Yamai yana wannan aikin, ƙungiyar naƙasassu ta jiharku kuma za ta nuna muku hanya mafi kusa. Bakin ƙofa a yi masa gangare: kowane santimita 10 na tudu, santimita 120 na tsawo.

Na sayo wa mahaifina ƴar na'ura mai batir da ake manna wa fata tana jan nama. Mai sayarwa ya ce tana tayar da jijiyar da ta mutu. A cinyarsa ba ta motsa komai ko na ƙure ta. Jabu ce?
*Wani ɗalibi, unguwar Bukoki, Yamai*

Ɗan'uwa, daina ƙure ta tukuna. Baba ba ya jin zafi, wutar na iya ƙona shi kana kallo.

Na'urorin iri biyu ne masu kama da juna. Wadda aka rubuta wa TENS don rage ciwo aka yi ta, ƙarfinta kaɗan ne. Wadda ke sa tsoka aiki ana rubuta mata NMES ko FES. Ita ma sai jijiyar da ta taso daga laka zuwa tsokar tana raye. In raunin yana sama, a wuya ko tsakiyar baya, kuma ƙafafun suna sanƙarewa ko zabura da kansu, yawanci tsokar za ta amsa. In raunin yana can ƙasa, wajen L1 zuwa ƙasa, ƙafafun sun yi laƙwas sun rame, jijiyar ce kanta ta lalace, kuma irin wannan na'urar ba za ta motsa ta ba. Mai yiwuwa halin Baba ke nan, kine zai gane da ƴar gudumar gwiwa cikin minti ɗaya.

Inda take aiki, ana manna faifai biyu manya a gaban cinya, ɗaya sama ɗaya kusa da gwiwa, a kan fata mai tsabta marar miki. Saitin da aka saba shi ne bugu 20 zuwa 50 a daƙiƙa, ta ja na ƴan daƙiƙu ta huta fiye da haka, a fara da minti goma. Faifan da ya bushe ko ya ɗago gefe yana tara wutar wuri guda, nan ƙuna ke fitowa. Ba a sa ta ga mai na'urar bugun zuciya, ko a cikin mai juna biyu, ko a ƙafar da ta kumbura ita kaɗai ta yi ɗumi, don wannan yana iya zama gudan jini. Amfaninta shi ne kiyaye kaurin tsoka da gudun jini, da ƙarfafa tsokar da ke da sauran motsi in majinyacin yana yunƙurawa tare da ita. Laka dai ba ta haɗa ta.

Ɗana yana da rauni a T4. Robar fitsarin da aka bar masa takan toshe, sai kansa ya yi ta sarawa, zufa ta karyo masa a fuska. Mukan ba shi maganin ciwon kai mu kwantar da shi.
*Wata uwa, Ƙonni*

Inna, kada a ƙara kwantar da shi a wannan hali. Abin nan yana iya fasa jijiyar jini a kai.

Masu rauni a T6 (wasu takardun D6 suke rubutawa) zuwa sama wajen wuya, har da T4 irin na ɗanki, in wani abu ya dami jiki a ƙasan raunin sai tansiyo ya yi tsalle, kuma ƙwaƙwalwa ba ta da hanyar saukar da shi. Cikar mafitsara ce kan gaba wajen jawo shi, sai taurin bayan gida, sai miki, matsattsen wando ko farcen da ya shige nama. Alamunsa su ne sarawar kai, zufa a fuska da wuya, toshewar hanci, ganin dishi-dishi, sau da yawa bugun zuciya ya ragu.

Ki zaunar da shi bayansa a miƙe, ƙafafu a ƙasa. A kwance ɗamara da duk abin da ya matse. A bi robar daga jiki zuwa jaka, a ga ko ta lanƙwashe ko jakar ta cika. In ta toshe, a canja ta. In ba fitsari ba ne, a duba dubura a hankali da safar hannu da man santsi. Ku sayi na'urar awon tansiyo ta dantse a farmasi, ku san nasa na kullum, don lambar sama ta irinsu takan zauna a 9 zuwa 11, wato 90 zuwa 110 a fuskar na'urar. Ƙarin 2 zuwa 4 a kan wannan ya riga ya zama matsala, ko da 13 ba ta tsorata kowa a wurin mai lafiya. A auna duk minti biyu zuwa biyar. In ya kai 15 bai sauka ba, sai asibiti da gaggawa, yana zaune a hanya. Ku roƙi likita ya rubuta masa ƴar takarda da sunan matsalar da faransanci, ya riƙa yawo da ita, domin ba kowane ma'aikaci ne ya saba ganinta ba.

Tunda hannuwansa lafiya lau, ku tambaya a koya masa sa roba da cirewa da kansa, hanyar da likita Jack Lapides ya yaɗa a 1972. Wanke hannu da sabulu, wanke gaba, man santsi na ruwa daga farmasi, roba lamba 12 ko 14 ga babba, duk awa huɗu zuwa shida, kada abin da ke fita a lokaci guda ya wuce rabin lita. Man kaɗe da basilin ba na wannan aikin ba ne. In za a maimaita robar, a wanke ta ciki da waje da sabulu da ruwa mai tsabta, ta bushe, a ajiye a tsumma mai tsabta. In dole a bar ta zaune, jakar ta kasance ƙasa da mafitsara kullum, a manne robar a cinya don kada ta fizgu, a canja ta kafin lokacin da ta saba toshewa. Kada a rage masa ruwa don gudun fitsari, lita biyu a yini, a bazara fiye. Jikinsa ba ya zufa yadda ya kamata a ƙasan raunin, don haka a zafin watan huɗu da na biyar a riƙa fesa masa ruwa a zaunar da shi a inuwa mai iska.

Wuyana ne ya karye, C6. Ina ɗaga hannu da wuyan hannu amma yatsuna ba sa kamawa. A da ina sayar da kaya ta waya. Akwai dabara?
*Wani matashi, Yamai*

Akwai, ɗan'uwa, kuma mafi girmanta a hannunka take. In ka ɗaga wuyan hannu sama, yatsu suna dunƙulewa da kansu, babban yatsa ya haɗu da manuniya. Da wannan ake ɗaukar cokali da waya. Ka hana kowa miƙe maka yatsu alhali wuyan hannun yana ɗage, don in jijiyoyin suka saki, kamun ya tafi. A miƙe su kawai lokacin da wuyan hannun ke sunkuye.

Baduku zai ɗinka maka madaurin fata mai zagaye tafin hannu da ɗan aljihu a ciki. Nan ake soka alƙalamin taɓa waya, cokali ko buroshi. Wayar a kafa ta a jikin keke da mariƙin da masu babur ke amfani da shi. A wayoyin Android, sashen sauƙaƙa amfani yana da wurin ƙara tsawon lokacin taɓawa don kada ta amsa taɓin kuskure, akwai kuma tsarin da kyamarar gaba ke karanta ɗaga gira ko buɗe baki a matsayin danna maɓalli. Manhajar Voice Access tana karɓar umarni da faransanci. Ciniki da Hausa kuwa, saƙon murya na WhatsApp ya wadatar: ka ja alamar makirfo sama ta kulle, ba sai ka yi ta dannewa ba. Kada ka bar waya tana caji a kan cinyarka, zafinta yana ƙona fatar da ba ta ji.

Keke mai batir ya dace da garinmu?
*Wani malamin makaranta, Tawa*

Malam, ga wanda hannuwansa ba sa iya tuƙi, ya dace ƙwarai, in an shirya masa. Yawancinsu batir biyu ne masu bolt 12 a haɗe, suna son cajin kamar awa takwas kowane dare da cajarsu ta asali. Zafi da barin batir ya mutu ƙurmus su ke rage masa kwana, saboda haka a ajiye shi a inuwa, a canja biyun tare, kuma a nemi irin rufaffen da ba ya zubar da ruwa. Inda wuta ke yawan ɗaukewa, a tanadi faifan rana da zai ɗauki cajar. Kafin ka biya, ka tambaya a ina ake samun taya, batir da sandar tuƙin, ka gwada shi a yashin ƙofar gidanka, ka auna faɗin ƙofofi. Nauyinsa ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ka yi tunanin yadda za a ɗora shi a mota in tafiyar Yamai ta kama. Keken hannu kuma ya zauna a gida da matashinsa, don ranar da wannan ke wurin gyara.